Wa Ya Kashe Attajirin Galma?

Ga gawa a kwance, ga wanda ya yi kisan an san shi, babu mai musu a kan ko ɗaya, amma ni a wurina shari'ar nan ba ta ƙare ba. Attajiri ne aka kashe cikin dare. Ɓarayi suka shiga gidansa, suka yi kiciɓis da shi, kafin asuba rai ya yi halinsa. Wanda hannunsa ya aikata kuwa ba bare ba ne. Ɗansa ne na cikinsa, ɗa ɗaya tilo, wanda ya daɗe yana roƙon Allah ya ba shi, kuma yaron bai san gidan wa ya shiga ba sai da aikin gama ya gama. Wanda ya karanta Jiki Magayi a makaranta ya riga ya gane inda na dosa. Ina so mu sake buɗe maganar tare, ni da kai mai karatu, mu kira waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya. Wa ya kashe Malam Shehu?

Bari in share fage da sauri. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar da har yau ake karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da shi East ɗin. Yawancinsu sun tafi da mu duniyar aljannu, ko fagen yaƙi, ko hamadar fataken bayi. Wannan kuwa cikin gari ya tsaya, a kan abin da kowane zaure ya sani, wato neman aure.

A garin Galma akwai attajiri Malam Shehu, ga mata uku, babu haihuwa. Ya yi mafarki cewa in ya auri wata yarinya mai suna Zainab zai samu ɗa. Ita kuwa Zainab tana da nata, Abubakar, saurayi marar ƙarfi, sun daɗe da shaƙuwa. Dukiya ta yi aikinta, aka ɗaura aure da attajiri, mafarki ya tabbata, aka haifi Abdullahi ana kiransa Kyauta. Abubakar ya bar gari da rantsuwar ramuwa, ya sha wuyar tafiya har ya samo sammu, ya dawo ya yi wa yaron. Kyauta ya tashi da ɗauke-ɗauke, abu ya girma ya zama sata, kunya ta hana uban zaman Galma. Sai daren nan. Yanzu a shigo mana da na farko.

Kowane ɗan sanda da Kyauta zai fara, kuma yana da hujja. Shi ya shiga gida, shi ya kashe. Ba sabon shiga ba ne a sana'ar, ya riga ya yi nisa har yana tafiya da ɓarayi irin su Dogon Yaro. Sai dai labarin da kansa ya tsaya masa. An ɓata yaron nan tun bai san dama da hagu ba, da wani abu da bai gani ba, saboda wata rigima da aka yi tun ba a haife shi ba. Hannun nasa ne, wannan babu ja. Amma wani ne ya tura hannun. Wa ke nan?

Sai ido ya koma kan Abubakar, kuma a nan yawancin ɗalibai suke ajiye biro a jarrabawa. Shi ya yi rantsuwa, shi ya nemo magani, shi ya yi aika-aikar. Ni ba zan wanke shi ba. Wanda ya bar babba ya huce haushinsa a kan yaron da bai ci ba bai sha ba ya yi zalunci, ko me aka yi masa. Amma mai bincike ba ya tsayawa don ya samu wanda ya dace da tuhuma. Akwai abubuwa biyu a halin Abubakar da suka hana ni rufe takarda.

Na farko, me ya fita nema? Irin wannan saurayi ba baƙo ba ne a adabin duniya. A Wuthering Heights, wanda Emily Brontë ta fitar a Ingila a 1847, Heathcliff ya rasa Catherine, ta auri Edgar Linton ɗan masu hali. Ya ɓace shekara uku, ya dawo da kuɗi, ya yi ta ramuwa har a kan 'ya'yansu. A The Great Gatsby na Amurka, 1925, Gatsby ya rasa Daisy ga Tom Buchanan mai tsohuwar dukiya, shi ma kuɗi ya tafi tarawa ta kowace hanya. Su biyun sun yarda cewa in aka kayar da kai da dukiya, kana iya tashi ka rama da dukiya. Abubakar bai ko saka wannan a lissafi ba. Magani ya fita nema. Kuma a tuna yana da gaskiya a hannu, domin a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan ƙasar Sakkwato, tun daga Risala, an hana mutum shiga neman auren da wani ya riga ya nema aka kuma amince masa. Ga hukunci a littafi. Amma inda Abubakar ya nemi haƙƙinsa a ƙarshe shi ne daji. Me ya rufe masa sauran ƙofofin?

Na biyu ya fi damuna. Mai neman ramuwa yana da zaɓi. Yana iya neman ran abokin hamayyarsa a soyayya, ko ya nemi a raba auren, ko a karya arzikin. Abin da ya sauka a gidan Malam Shehu sata ce, a jikin magajin gida. Me ya sa sata? Mu ajiye wannan a gefe. Za mu dawo kanta. Abubakar ya jira a waje.

A majalisa kuwa, in aka zo nan, ba a rasa wanda zai daki cinya ya ce ai Zainab ce, mata da son abin duniya. Da ta tsaya a kan alkawari da babu abin da zai faru. Maganar tana da daɗin faɗa, amma mai faɗarta kamar bai taɓa zama a zaure ba, a Bodinga ko Danchadi ko Shagari, ranar da ake mayar wa saurayi kayansa. Ba a hayaniya. A shimfiɗa tabarma, a kira baffan yaron, a kawo lissafi: kuɗin na-gani-ina-so, toshin ƙaramar salla da babba, turmin atamfa, takalmi, har goron gaisuwar iyaye. A ƙirga a gabansa a tura masa. Sau da yawa ma sabon manemi ne ya ba da abin biyan. Sai dattijo ya gyara murya ya ce, "Malam, a ba yaro haƙuri. Allah bai yi ba. Matar mutum kabarinsa." Baffan ya sunkuyar da kai ya ce, "Babu komai, Alhaji. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya naɗe kuɗin ya sa a aljihu. A cikin gida kuma yarinya tana ɗaki, gwaggonni sun sa ta a tsakiya. Wannan ta ce, "Ke 'yar nan, so ake ci?" Waccan ta ce, "Ki rufa wa ubanki asiri."

Yarinyar da ta tashi tana ganin uwarta tana auna hatsin dare da tsoron gobe, ko da zuciyarta ta karkata ga daula, ba ita ta aza ma'aunin ba. Samunsa ta yi a aze. A cikin duk mutanen labarin nan ita ce mafi ƙarancin iko, kuma ita ta biya mafi tsada: ta rasa masoyi, ta ga lalacewar ɗa, ta rasa miji ta hannun ɗan. A sallame ta. Saura wa?

Saura mafarkin. Wasu sukan ce ƙaddara ce kawai, abin da aka rubuta babu mai kankarewa. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba ta taɓa ɗauke wa kowa alhakin aikinsa ba. Kuma ka tambayi kanka, talakawa nawa ne marasa haihuwa suka yi irin wannan mafarki? Talaka ya farka ya yi addu'a ya ɗauki fartanya. Mafarkin Malam Shehu ne kaɗai ya tashi ya yi tafiya har gidan mutane ya warware alkawari. Wani abu ne ya ba shi ƙafa. Kuma wani abu ne ya sa mai shi ya kasa haƙura da shi. Don gano wannan sai mun bar Galma ta takarda, mun hau hanyar da ta fito daga Sakkwato ta ratsa Bodinga ta nufi Tambuwal. Mu fara sauka a Shagari.

A nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Tsararsa ne 'yan makarantar da aka fara buga waɗannan littattafai dominsu, shi kansa ya yi elemantare a Yabo, ya yi midil a Sakkwato, daga baya ya koyar. Abin da ya kawo mu shi ne gidansu. Mahaifinsa, Aliyu, manomi ne, makiyayi, kuma ɗan kasuwa, amma da aka naɗa shi Magajin Shagari sai ya sassauta harkar ciniki, domin al'ada ba ta so a ga mai rawani yana saye da sayarwa. Da ya rasu Shehu yana ƙaramin yaro, sarautar ba ta bi shi kabari ba, yayan Shehu ya hau. Ka ga bambancin? Sarauta ta gida ce. Ko basarake bai haihu ba, akwai ƙane, akwai ɗan wa, sunan gidan yana nan. Malami ma yana barin almajirai da littattafai. Attajiri fa?

Attajiri ba shi da rawanin da za a naɗa wa wani. Darajarsa tana cikin rumbu da mangaza da bakin mutane, kuma ranar da ya rufe ido ake kiran masu rabon gado. In bai bar ɗa ba, matansa duka su raba rubu'i, sauran ya tafi ga dangi. In ya bar ɗa namiji, matan su koma sumuni, ɗan ya riƙe gida da suna. A shekarun da aka rubuta littafin nan kuwa attajirai suna tashe. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice, sulalla suka kori wuri, haraji ya koma na tsabar kuɗi. Mutum yana iya tashi daga babu ya zama mai faɗa a ji, amma bai da tabbacin abin zai wuce ransa. To ashe mafarkin Malam Shehu tsoro ne ya haife shi. Tsoron mai abu da yawa wanda bai da wanda zai bar wa. Mun samu dalili. Amma tsoro kaɗai ba ya ƙwace matar wani. Akwai sauran shaida guda, kuma yana Bodinga.

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Bodinga. A waɗannan shekaru Malam Abdullahi ya haɗa littafinsa Tazyinul Waraƙati, a 1813. Wannan bawan Allah ya taɓa barin rundunar jihadi ana tsakiyar yaƙi, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka, saboda abin da ya ga ya fara shiga zukatan jama'a. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, sannan ya komo. Kukansa shi ne mutane sun koma neman mulki da tara kayan duniya, tufafi da dawaki da ƙwaraƙwarai. Su wa yake nufi? Ba arna ba, ba baƙi ba. Jama'ar da ta fito daga hijirar Gudu ta 1804 ce, mutanen da suka san yunwa da gudun tsira. Ba a haife su da kwaɗayi ba. Samu ne ya matsar musu da iyaka, abin da jiya suke gani haramun ne gare su yau suka ga haƙƙinsu ne. Wannan ita ce shaidar da nake nema. Yanzu mu koma Galma.

Ka dubi Malam Shehu da kyau. Ba a zana shi da ƙaho ba. Mutum ne mai neman haihuwa, kuma neman haihuwa ba laifi ba ne. Bai haura katanga ba. Bai zare wuƙa ba. Ya ga abin da yake so. An ce masa da mai shi. Bai tsaya ba. Me zai tsayar da shi? Ya saba duk abin da ya miƙa wa hannu a ba shi. Ya saba in an ce babu, ya ƙara kuɗi a ce akwai. Iyaye ba su iya hana shi ba. Gari bai hana shi ba. Ya ɗauka. Ya biya. Ya wuce.

Yanzu ɗauko tambayar da muka ajiye. Me ya sa sata?

Ka sa uba da ɗa a jere. Uban ya ga na wani, ya so, ya ɗauka. Ɗan ya ga na wani, ya so, ya ɗauka. Bambancinsu ɗaya ne tak. Uban yana biya.

Ga amsata. Sammun Abubakar bai kawo sabon hali gidan nan ba. Halin yana nan tun kafin a haifi Kyauta, yana sanye da babbar riga, ana gaishe shi a hanya, ana ce masa ranka ya daɗe. Abin da sammu ya yi shi ne ya tuɓe masa rigar. Abin da ya kashe Malam Shehu shi ne halin da dukiyarsa ta koya masa, na rashin ganin iyaka tsakanin nasa da na wani, wanda ya fita daga hannunsa da rana ana guɗa, ya zagayo ya same shi da dare ta hannun ɗansa. Shi ya sa sata ce kaɗai ta dace da labarin. Da ciwo aka saka wa yaron, da attajiri ya nemi magani da kuɗinsa, mutane su tausaya masa. Da arzikin aka karya, da sai a ce jarrabawa ce. Sata kuwa ta bugi abin da attajiri ya fi ji da shi bayan dukiya, wato mutunci, kuma kuɗi ba ya sayo shi in ya zube. A karon farko Malam Shehu ya gamu da abin da ba a yin cinikinsa.

Kuma dukiyar nan ba mai ita kaɗai ta sassaƙa ba, kowa a labarin ta taɓa shi. Ita ta koya wa iyayen Zainab cewa alkawarin da aka yi wa talaka ana iya warware shi. Ita ta nuna wa Zainab cewa zaɓinta ba ya wuce bakin ƙofar ɗaki. Abubakar kuwa ita ta mayar da shi abin da ya zama. Saurayin da muka fara gani masoyi ne, ba mugu ba. Amma wanda aka nuna masa a bainar jama'a cewa gaskiyarsa ba ta da nauyi in an aza ta kusa da kuɗi, aka kuma bar shi da kalmar haƙuri kaɗai, yakan daina neman adalci ya koma neman ƙarfi. Ƙarfin da ya rage wa wanda bai da sarauta, bai da dukiya, bai da mai tsaya masa, shi ne na ɓoye. Heathcliff da Gatsby sun ga tsani, ko da karkatacce ne, sun hau. Abubakar bai ga tsani ba, sai ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan bai sa ya kuɓuta daga laifi ba. Ya dai nuna inda aka ƙera shi.

Har Kyauta ma, ko an cire sammu daga labarin, ina jin tsoron makomarsa. Ɗa ɗaya a gidan attajiri, bayan dogon jira, mata huɗu suna kallonsa, barori suna neman yardar uban ta wurinsa. Wa zai tsawata masa? Mun san irin waɗannan yara a unguwanninmu, waɗanda duk ɓarnar da suka yi akwai mai biya kafin magana ta fita. Wannan ne ya sa nake ganin littafin ya fi ƙarfin a karanta shi a matsayin labarin boka kawai. Mai karatun da bai yarda da tasirin sammu ba ma zai iya bin zaren daga farko har ƙarshe ba tare da ya tsinke masa ba.

Da Kyauta ya ji asalin maganar, ya tashi neman Abubakar. Yadda suka ƙare na bar wa wanda zai nemi littafin. Ni dai akwai lissafi guda da ya rage mini, wanda nake so a kai gaban kowane malamin fara'ili a Bodinga ko Sifawa ya duba. An warware alkawari, an kori saurayi, an yi duk abin da aka yi don a samu magaji. To a hukuncin gado, wanda ya kashe mutum da ganganci ba ya gadonsa, kuma wanda kisa ya hana shi gado ba ya rage rabon kowa. Idan aka bi wannan ƙa'ida a kan dukiyar Malam Shehu, matansa za su koma kan rubu'insu, sauran ya tafi ga dangi, kusan yadda za a raba da bai taɓa auren Zainab ba.